Dogayen Sunayen Malam Hamidu

Wannan zangarniyar gero da ke rataye bisa teburin aikina, wadda kullum sai ɗayanku ya tsokane ni ya ce ko tsuntsu nake kiwo, ba ado ba ce, ba kuma magani ba ce. Tunda kuran ya tafi, babu wutar lantarki, ba abin da za mu taɓa sai ya dawo, ku jawo benci in ba ku labarinta. Wataƙila ku rage ce wa sana'ar nan danna-danna.

Ni ban fara da kwamfuta ba. Ina saurayi na baro Maraɗi, aka kai ni unguwar Zongo wurin wani mai gyaran keken rubutu, Malam Garba, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu cur bai bar ni na kwance ko noti ɗaya ba. Aikina buroshi da kananzir, in wanke haruffa ɗaya bayan ɗaya har yatsuna su yi fari. Wata rana aka kawo keken wani biro, wato ofis, ya zare tsohon kintinkirin tawada ya ɗaga shi wajen haske, ya ce in duba. Sai ga kalmomin wasiƙar da aka buga ta ƙarshe a jere, ana iya karantawa. Ya ce in riƙe wannan, duk abin da hannu ya buga sai ya bar sawu, ko mai shi ya so ko bai so ba. A lokacin na ɗauka surutun tsofaffi ne.

Da kwamfuta ta fara shiga biro-biro, ko sunanta ba mu daidaita ba. Ma'aikata su ce odinatar, masu sauraren rediyon waje su ce kwamfuta, Malam Garba kuwa har ya koma ga Allah inji yake ce mata, kuma bai yarda ya taɓa ta ba. Ni na taɓa. Na ƙona biyu kafin in gyara ɗaya. Daga baya na kama wannan rumfar a gefen kasuwar Katako, tsakanin masu yankan katako, inda garin itace ke shiga ko'ina har cikin shayi. Kayan aikina a lokacin ba su cika jaka ba: turnabis uku na kwance noti, buroshin fenti, famfon keke na hure ƙura, da faya-faye a cikin gwangwanin biskit. Famfon nan da kuke dariya, ya girmi wasunku.

Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai rantse bai taɓa komai ba, ka buɗe ka tarar da kunun gyaɗa ya bushe a ƙarƙashin haruffa. Akwai wanda ya fi ka sani, ya tsaya a kanka yana nuna maka wayar da za ka cire. Amma duk cikinsu ba wanda muka yi gardama da shi kamar Malam Hamidu.

Malam Hamidu malamin gona ne da ya yi ritaya, mutumin wani ƙauye ne a arewacin Tawa da ake kira Tudun Baushe, yana zaune a unguwar Gamkalle da iyalinsa. Shekara talatin yana yawon aiki, kuma duk garin da ya sauka sai ya roƙi tafin hannu ɗaya na irin da mutanen wurin ke shukawa. Da ya bar aiki sai ya samu gona a hayin kogi, yana shuka kowane iri nesa da ɗan'uwansa don kada su gauraya, in ya girbe ya zuba a bidon mai, wato jarka, da ya wanke, ya sa toka da ganyen dogon yaro ya toshe. Ya taɓa gaya mini cewa gara ta cinye masa takardun da ya liƙa a jikin bidon, ta bi littafin ma ta cinye, shi ya sa ya koma rubuta lamba da fenti, bayanin kuma ya zuba a kwamfutar da ɗansa ya aiko masa.

Abin da ke haɗa mu faɗa shi ne sunaye. Kowane iri yana da takardarsa a ciki, da hoto da tarihi, amma mutumin nan sai ya kwashe labarin duka ya zuba a wurin suna. Ka ga an rubuta: "bido 14 gero dogo na wajen Gaya yana son ruwa da yawa kada a kai shi arewa". Wani ma ya fi wannan tsawo, har inji ya ƙi kwafe shi. Na ce masa, Baba, suna fa ba wasiƙa ba ce, kalma biyu ta isa, sauran a sa a ciki. Ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Lawali, na tsufa a biro. Ba wanda ke buɗe dosiye ya karanta takardun ciki. Bango kawai ake karantawa."

Na yi masa wa'azin nan ya fi sau biyar. Bai rage ko harafi ba, ni kuma in ya juya baya in yi tsaki in ce taurin kai irin na tsofaffin ma'aikata.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta ci amanar mutane, aka girbe kara babu hatsi. Malam Hamidu ya rasu bayan kaka, ban ma ji ba sai da aka yi kwana bakwai. Sanyi na ƙarewa kuma sojoji suka karɓi mulki. Da rana tsaka muka ji harbi daga can cikin gari, kafin ka ce me kasuwa ta watse, na rufe rumfa da kwamfutar wani a buɗe. Bayan kwana biyu kowa ya dawo bakin nemansa, sai dai garin ya cika da baƙi. Mata daga ƙauyuka suna bin ƙarƙashin kamiyo, manyan motocin hatsi, a nan Katako da ƙwarya, suna tsintar ƙwayar da ta zube. Rediyo da a da ba ya furta kalmar yunwa ya fara furtawa.

Ni kuwa a makonnin nan ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Manyan mutane suka riƙa zuwa da kwamfutocin gidajensu a bayan mota, an lulluɓe da darduma, kowa magana ɗaya: a share komai, kada a bar ko suna. Ban tambayi kowa abin da ke ciki ba, ba aikina ba ne.

To ku saurara nan, don nan sana'ar take. In ka goge takarda a kwamfuta, ka zubar da kwandon shara, ba ta tafi ko'ina ba. Kamar gidan haya ne: mai gida ya ce ɗakin nan ba kowa, amma kayan tsohon ɗan haya na ciki har sai sabo ya zo ya zuba nasa a kai. Sunan tsohon kuma yana nan a littafin mai gida, yana nan a bakin maƙwabta. Shara ta gaskiya sai ka bi faifan ciki daga farko har ƙarshe ka rubuta wofi a kansa, aikin wuni guda ne, kuma in kuran ya yanke a tsakiya ka koma farko. Haka na riƙa yi wa manyan nan, da natsuwa, ina dubawa sau biyu.

Cikin wannan hayaniya Hajiya Balki, matar Malam Hamidu, ta iso da kwamfutarsa a tasi, ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta ce ƴarsu Mariyama na jami'a, tana so a share mata ita ta yi karatu. Na yi mata gaisuwa, na tambaye ta sau ɗaya ko akwai abin da suke so a ciki. Ta ce hotunan hatsi ne kawai, me za su yi da su. Motoci uku na jira a waje. Ni da na karanta sunayen nan da idona, ni da ya ba labarin gara, ban tsaya na yi tunani ba. Na kama dosiyen duka na goge, na zubar da kwando, na hure ƙura da famfo, na miƙa mata kafin tasin ya juya. Na bar ta ta tafi a kan cewa na yi mata shara irin ta manya, alhali rabin aiki na yi. Abin ya ɗan dame ni da yamma, washegari na manta.

Wata uku bayan haka, ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Ina cikin kwance wata firinta sai ga Hajiya da kwamfutar nan, bayanta wani dattijo siriri da rawani, idonsa ya faɗa. Ta ce ƙanen marigayi ne, Nomau, daga Tudun Baushe. Bai zauna ba sai da na ce ya zauna sau biyu.

Ya ce, "Kai ne mai injin? An ce sunan geronmu na cikin akwatin nan."

Tun kafin ya ƙarasa na tuna da dosiyen da na goge. Ya ce suna da wani gajeren gero da suka gada, ɗan Baushe suke ce masa, kwana saba'in ya nuna, shi kaɗai ke cika a ƙasarsu inda ruwa ke zuwa a makare ya ɗauke da wuri. Ɗan abin da suka ware na iri bana, yunwa ta sa an daka wa yara. Duk ƙauyen ba wanda ya rage ko cikin cokali. Ya san yayansa ya ajiye, shi ya sa ya sayar da akuya ya hau mota. Ya tarar da bido arba'in da wani abu a ɗaki, ba komai a jikinsu sai lamba. Ya buɗe su duka. Dawa da wake da maiwa ya ware su da ido, saura goma sha ɗaya, duka gero. Ya murza, ya shinshina, ya tauna, ya kasa rabewa. In ya ɗauki na kudu ya kai arewa, zai yi tsawo ya yi kyau, ruwa ya ɗauke bai fid da kai ba. Kuma gwangwani ɗaya kowane gida zai samu, wanda ya samu na kuskure ya yi asarar shekara ta biyu. Kamiyon da zai koma da shi jibi zai tashi.

Hajiya ta miƙo mini ƴar takarda da ta rubuta lambobin goma sha ɗayan. Ta ce ta san na share, ta gaya masa, amma ya ce sai ya ji daga bakina.

Na ce kada wanda ya kunna ta. Na kwance murfi na zare faifan ciki, na haɗa shi da tawa kwamfutar, na saki manhajar da ke tono abin da aka goge. Ba ta yi nisa ba kuran ya tafi. Na tsallaka wurin maƙwabcina Saini, Bazabarmen da ke da injin yanka katako, na roƙe shi ya ja mini waya daga gurup ɗinsa, wato janareta. Ya ji abin da ake nema, ya kashe zartonsa ya bar mini wutar duka, ya ce kala suru, wato sai haƙuri a yarensu, katako ba ya gudu.

Wajen la'asar sunaye suka fara fitowa, kowanne da jan tambari a gefe. Na buɗe na farko, shirme. Na biyu, rabin hoton wani fim. Wata uku Mariyama na zuba darussa da fina-finai, sabon ɗan haya ya cika ɗakunan. Ba takarda ɗaya da ta tsira. Da Malam Hamidu ya ji shawarata ya sa musu suna gero ɗaya, gero biyu, da a nan labarin ya ƙare. Amma bangon na nan. Na fara karantawa da ƙarfi.

"Bido 6 wake fari mai ƙwari kada a sake karɓar iri wurin mutumin nan."

Nomau ya yi dariya, dariyar farko tun zuwansa. Ya ce wallahi yayansa ke nan, kamar yana zaune a wurin. Muka ci gaba, ina karantawa Hajiya na soke lamba. Sha huɗu na Gaya, ta soke. Sha bakwai na wajen Dogon Dutse, ta soke. Har muka soke shida. Sai jerin ya ƙare. Saura lamba biyar, kuma ba inda aka ambaci ɗan Baushe. Wurin da sunansa yake a littafin faifan, wani abu ya riga ya hau kai.

Nomau ya sa hannu ya gyara rawaninsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, don na san hannuna ne ya yi ɓarnar.

Ina zaune ina kallon gilashin kwamfuta sai kintinkirin Malam Garba ya faɗo mini a rai. Littafin mai gida ya ƙare, saura bakin maƙwabta. Kwamfuta na da wani lungu da take ajiye sunan duk abin da aka buɗe kwanan nan. Ido ƴan kaɗan yake gani, amma a ƙasa suna taruwa da yawa, kuma ko an goge takardar, sunan na zama a wurin. A sharar manya lungun nan nake fara kwashewa. A ta Hajiya ko leƙa shi ban yi ba. Na shiga, na jera su bisa kwanan wata, na yi ta komawa baya. Na wuce darussan Mariyama, na wuce bazara, na wuce sanyi, na iso kaka. Abu na ƙarshe da marigayi ya buɗe kafin ya kwanta ciwo yana nan. Na karanta a zuciyata tukuna, don kada bakina ya yi kuskure, sannan na ɗaga murya.

"Bido 9 da 23 da 30 ɗan Baushe na gidanmu kwana sabain na Nomau ne in shekara ta ɓaci."

Nomau ya ce in sake. Na sake. Ya sunkuyar da kai yana hamdala a hankali, ya daɗe bai ɗago ba. Na duba takardar Hajiya, ashirin da uku na nan cikin biyar ɗin da suka rage, talatin na nan. Tara ce babu, ba ta ma cikin goma sha ɗayan tun farko. Na ɗaga ido na ga Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi.

Ta ce, "Innalillahi. Tara mun ci."

Ashe tun da gidan ya cika da dangin da suka gudo daga ƙauye, hatsi kuma ya yi tsada, ta fara buɗe bidon da ke kusa da ƙofa tana ba da daka. Huɗu suka tafi a tuwo da fura, tara na cikinsu. Da Nomau ya ƙara mako biyu bai zo ba, Allah kaɗai ya san inda za a kai. Ta fara kuka tana cewa ta cinye amanar mijinta.

Nomau ya ce, "Hajiya, su wa suka ci? Ba ƴan Baushe ba ne? To ai bai ɓata hanya ba. Biyu sun ishe mu."

A nan na ga in ban faɗi tawa ba, ba zan iya haɗa ido da matar nan ba har abada. Na ce mata laifin gogewar nawa ne, na san abin da ke ciki ban tsaya na yi mata bayani ba. Na ce kuma sharar da na ce na yi, ban yi ba, sauri nake in koma kan motocin manya, kuma da na yi ta yadda ya kamata da yau ko harafi ba mu samu ba. Ta share ido ta dube ni. Sannan ta ce to, Allah ya yi wa ragwancina albarka, amma kada in sake. Saini da ke tsaye a bakin ƙofa ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma har yau in zai tsokane ni da wannan yake kira na.

Washegari na buga duk sunayen da muka samu a takarda, kwafi uku, na tafi Gamkalle da gwangwanin fenti. Muka bi bidon ɗaya bayan ɗaya ina rubuta musu suna a jiki, wanda ba mu samu nasa ba na sa masa alama. Ranar tafiya na raka Nomau bakin kamiyo. Direba ya ce a ɗaure bidon a sama da sauran kaya, ya ƙi. A kansu ya zauna, ɗaya ƙarƙashinsa ɗaya tsakanin ƙafafunsa, haka suka fita gari.

Kada ku ɗauka hankalina ya kwanta a ranar. Suna suna ne kawai. In marigayi ya sauya bido bai gyara rubutu ba fa? In ni na karanta ashirin da uku alhali talatin da biyu ce? Gilashi ba zai gaya maka ba, sai gona. Na yi kusan wata biyu duk wayar da ta yi ƙara sai na zabura. Ran nan da hantsi ina hure wata kwamfuta da famfo, baƙuwar lamba ta shigo, murya na yankewa saboda nisa.

"Lawali? Nomau ne. Ya fid da kai."

Na ce wanne, ashirin da uku ko talatin? Ya ce duka biyun. Ya ce na maƙwabtan ƙauye da suka shuka irin kasuwa har yanzu ganye ne. Na ajiye famfo na zauna a kan bencin nan da kuke kai. Rabona da jin sanyi a rai irin na ranar, ban sani ba.

Bayan kaka direban kamiyo ya sauke mini dami guda a ƙofar rumfa. Na raba da Saini, na kai wa Hajiya, na rage wannan ɗaya na rataye. Daga ranar, ba na goge wa kowa komai sai na tambaye shi sau uku, na buɗe masa ya gani da idonsa, ko da motar wa ke jira a waje. Kuma ban sake ce wa wani ya gajarta suna ba.

Kai da ke kusa, miƙe ka juyo guntun robar da ke ɗaure a gindinta. Da fenti na rubuta, saboda gara. Karanta mana da ƙarfi, kuma kada ka tsallake komai. Yadda mai ita ya sa mata suna haka na kwafe, ban rage ko harafi ɗaya ba.